Audugar da Ake Tonowa da Fartanya

Zuwa ga ɗana Abba,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Ina gaishe ka gaisuwar uba ga ɗansa, tare da roƙon Allah ya sa takardar nan ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da malamanka da abokan kwananka. Allah ya tsare ka daga ciwo da mugun aboki, ya fid da kai daga makarantar Midil lafiya kamar yadda ya shigar da kai. Ni ma lafiya lau nake. Daga Damari nake rubuto maka, inda muka kafa sansanin allurar shanu. Idan ka ga tabo a gefen takardar kada ka ɗauka hawaye ne, kindirmo aka kawo mini na yi ɓari.

Ba labarin gida zan ba ka ba, innarka ta fi ni iya wannan. An gaya mini daga makaranta za a wuce da ku wurin jarrabawar shiga kwaleji, ba za ka biyo ta Ƙanƙara ba, shi ya sa abin da ya kamata in faɗa maka a zaure na ɗora wa alƙalami.

Kwanakin baya na gamu da Malam Ɗahiru, malaminku na Turanci, a kasuwar Faskari, ya zo ganin tsofaffinsa. Bayan mun gaisa ya ja ni gefe ya ce, "Malam Bawa, yaron nan naka hwa, in dai rubutu ne ba ni da kamar shi a aji. Amma ka tsai da shi ka tambai shi, sai ya duƙar da kai, 'To, Malam' kaɗai za ka ji. Kuma jarrabawar ga sai an yi magana da baki. Sau guda za ya zauna ta, shekarunshi ba su kai shi baɗi." Na yi masa godiya, na hau dokina. Tun daga Faskari har na sauka maganar nan ba ta bar raina ba, don na san kana son kwalejin nan, kuma na san inda shirun nan yake kai mutum.

Ka san na taɓa zama irin wannan jarrabawa ban ci ba. Abin da ba ka sani ba shi ne yadda aka yi na faɗi. Lissafi bai kayar da ni ba, ko kusa. Turanci ne, karatunsa da rubutunsa da maganarsa, kowanne ya ɗaga ni ya buga da ƙasa. Zan faɗa maka su yadda suka faru, ka yi dariyarka ka ƙoshi, amma ka tuna in gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, ruwa ake shafa wa naka.

Kafin a kai ni elementare na yi nisa a makarantar allo, kuma hanya ɗaya na sani ta karatu: a rubuta maka, ka yi ta maimaitawa da ƙarfi har ya zauna a ka, ka biya wa malam, ka wanke allo. Da aka ce jarrabawa ta matso, sai na ɗauki littafin Turancinmu na tafi gindin tsamiya na haddace shi daga bango zuwa bango, ina kaɗa kai ina rangaji. Abokaina har Gardi suke kirana. In ka faɗi kalmar farko ta kowane shafi, sai in zuba maka sauran ba tuntuɓe. Na shiga ɗakin jarrabawa ina jin ko wanda ya rubuta littafin bai fi ni saninsa ba.

Da aka raba takardu sai na ga labarin da ban taɓa gani ba, na wasu masunta da suka shiga teku cikin jirgin ruwa hadari ya taso musu. Ni da ban taɓa ganin ruwan da ya fi gulbin da muke wanka ba. Maimakon in karanta in ji abin da ya sami mutanen nan, sai na shiga bin layi-layi ina neman inda zan ga jimlar da na sani daga littafina, kamar mai neman jakinsa a kasuwar wani gari. A ƙasan labarin an yi tambaya, don me shugaban masuntan ya juya da jirgin? Amsar tana nan kwance cikin labarin, yaron da bai kai ni hadda ba ya gan ta. Ni kuwa na rasa abin yi, na zuba musu rabin shafi daga littafina, labarin wani yaro da karensa.

Kuma akwai wani abin. Ni ban iya karatu da baki a rufe ba. Ina farawa sai muryata ta fito, jikina ya soma rangaji. Mai tsaron jarrabawa ya zo ya ƙwanƙwasa mini benci, na yi shiru, can na manta na ci gaba, ya dawo ya ƙwanƙwasa da ƙarfi. Da na kame bakina sai karatun ya gudu gaba ɗaya. Ina ganin baƙaƙen, amma ba su ce mini komai.

To Abba, hadda tana da gurbinta mai daraja, ta Littafin Allah ce, ka riƙe ta nan. Wannan jarrabawa ba abin da ka ajiye a ka take nema ba, so take ta ga ko za ka iya jin maganar da ba ka taɓa ji ba. Saboda haka daga yau kowace rana ka nemi wani abu sabo na Turanci ka karanta, jarida ce, sanarwar da aka manna a ofishin En'e ce, ko takardar da aka naɗo sabulu. Ka karanta da ido, leɓe a rufe. In ka gama ka kife ta, ka sami wani ɗan aji ɗaya ka ba shi labarin da Hausa, yadda kakarka take ba ku tatsuniya: wane ne ya yi, me ya yi, me ya sa ya yi. In yaron ya gane, ka gane. In ya tsaya yana kallonka, koma ka sake karantawa. Ka fara tun yanzu, ba a fafe gora ranar tafiya.

Za ka gamu da kalmar da ba ka sani ba, wannan dole ne. Kada ka toge a kanta kamar jaki a bakin rafi. Ni idan na shiga garke na ga saniyar da ban sani ba, ba na tsayawa yi mata tambaya, sai in dubi waɗanda take tafiya tare da su, in san ta wane gida ce. Ka dubi kalmomin da ke gabanta da na bayanta, ka karanta har ƙarshen jimlar, sau da yawa maƙwabtanta za su tona mata asiri. In sun ƙi, wuce ta, ka dawo in lokaci ya ragu. Kuma ka karanta tambaya sau biyu kafin ka tsoma alƙalami a tawada. Abin da aka tambaye ka shi za ka amsa, ba abin da ka fi sani ba.

Sai rubutu. Aka ce mu rubuta wa wani aboki da ke wata ƙasa wasiƙa, mu ba shi labarin ranar kasuwar garinmu. Na ce alhamdu lillahi, yau ga abin da na sani, ni da aka haifa a bayan kasuwa. Na gyara zama na fara gaisuwa. Na gaishe shi, na gai da mahaifinsa, na gai da mahaifiyarsa, na tambayi ƙannensa da yayyensa. Na tambaye shi gajiya, na tambaye shi ruwa, na tambaye shi yadda amfanin gona ya yi a wajensu. Duk da Turanci fa, ina gumi ina neman yadda Bature yake cewa ina gajiya. Ai ba a yi wa mutumin da ke nesa gaisuwar tsaye, haka aka koya mana. Na cika shafi, na juya baya, na rubuta cewa bayan gaisuwa kasuwarmu babba ce. Ina ɗiga aya aka kaɗa ƙararrawa.

Har yau abokin nan nawa bai san abin da ake sayarwa a kasuwar Ƙanƙara ba, amma ya san ina gaishe da kowa nasa.

Ka ga ni ma a takardar nan sai da na gaishe ka sosai, don ni da kai ne, kuma babu mai kaɗa mini ƙararrawa. A can kuwa, gaisuwa layi ɗaya ta isa, ka faɗa cikin magana. Kafin ka fara rubutu ka ɗan tsaya ka shirya a ranka abin da zai zo farko da na tsakiya da na ƙarshe. Ka rubuta abin da idonka ya gani. In an ce kasuwa, ga mahauta da ungulayen da ke jiran su, ga masu daddawa da ake jin su tun daga nesa, ga dillalan shanu masu ciniki da yatsu a ƙarƙashin hannun riga don kada na gefe ya ji kuɗin. Baturen da zai duba takardarka ya gaji da yaran da ke ba shi labarin ƙasarsa da ba su taɓa gani ba, taka ce bai sani ba. Kuma ka bar manyan kalmomin da ka tsinto a ƙamus don burgewa. Rigar aro ce, tana jan ƙasa, kowa ya gani ya san ba taka ba ce. Gajeruwar jimla da ka tabbata da ita ta fi doguwar da za ta harɗe ka.

Duk da wannan ɓarna, lissafina ya yi kyau har aka sa sunana cikin waɗanda za a gani ido da ido. Nan ne abin da ya sa na ɗauki alƙalami yau.

Aka kira ni na shiga. Bature ne zaune bayan tebur, gefensa wani dattijon malami Bahaushe da rawani. Na tuɓe takalma tun daga ƙofa, na nufi ƙasa zan durƙusa, aka nuna mini kujera. Na ɗosana a bakinta, na kafa ido a kan yatsun ƙafata. Baturen ya tambayi sunana da garinmu, na faɗa da muryar da ni kaina da ƙyar na ji. Ya tambayi sana'ar mahaifina, na ce noman auduga. Sai ya gyara zama kamar wanda ya ji daɗi, ya ce, da Turanci a hankali yadda zan gane, "Madalla. An gaya mini auduga a cikin ƙasa take 'ya'ya, kamar gyaɗa. Haka ne?"

Abba, na ji shi sarai, babu kalmar da ta wuce ni. Ni da na tashi ina tsinkar auduga har yatsuna suna jini saboda ƙayar ƙwanso. Amma ga babban mutum, ga furfura a gefen kunnensa, ga dattijo zaune kusa da shi. Tun da na yi wayo ban taɓa ce wa babba ba haka ba ne. Kakanka, wanda ka ci sunansa, in ya ce rana ta faɗi da hantsi, sai mu ce Allah ya kai mu gobe. Na ce, "Haka ne, ranka ya daɗe."

Ya sake ba ni hanya, ya ce, "To da me kuke tono ta?"

Na ce, "Da fartanya."

Dattijon nan ya ja bakin rawaninsa ya rufe baki, kafaɗunsa suna rawa. Baturen bai yi dariya ba. Ya dube ni, ya ajiye alƙalaminsa, ya ce in tafi, ya gode. Na fito ina murna na yi ladabi.

Da yamma dattijon ya gan ni a bakin masallaci ya kira ni. Ya ce, "Kai ɗan Ƙanƙara, mi ya kai ka? Mutumen ga ya hi ka sanin auduga, shekara nawa shina yawo cikin gonakinku. So shikai ya ji ko kana iya hwaɗin 'a'a' da Turanci ka kawo dalili. Kowa ya shiga sai ya yi mai irin ta. Yaron da ya gabace ka, ce mashi ya yi raƙumi ƙwai shikai, yaro ya ce wallahi bai yi." Wancan yaron ya shiga kwaleji, ni na koma gida na tarar ana tsinkar auduga, a sama, inda Allah ya ajiye ta.

Ban ce maka na yi asarar rayuwa ba. Aikin dabbobi ya rufa mini asiri, ya ciyar da ku, na san kowace ruga daga Ruwan Godiya har Sabuwa, kuma ina son aikina. Amma ƙofar nan ta rufe a ranar, ba ta sake buɗewa ba, kuma ba jahilci ne ya rufe ta ba. Na san gaskiya na haɗiye ta don kunya. Yanzu da ake ta zancen mulkin kai, ina jin mutanen da za a nema su ne masu iya zama gaban babba su ce, ranka ya daɗe a duba dai.

Saboda haka ka ji abin da nake so ka yi. In ka shiga ka yi sallama, ka zauna inda aka nuna maka, zama sosai ba ɗosane ba. Ka ɗaga kai. In idonsa ya yi maka nauyi ka dubi haɓarsa, ba zai gane bambanci ba. Ka yi magana yadda na bakin ƙofa zai ji. In ba ka ji tambaya ba ka roƙa a maimaita, matambayi ba ya ɓata. In ba ka sani ba ka ce ba ka sani ba, wannan ma amsa ce ta mai hankali. In kuwa aka faɗi abin da ka san ba haka yake ba, ko wane ne ya faɗa, ka ce, "Ranka ya daɗe, a wajenmu ba haka ba ne," sannan ka bayyana yadda yake, a natse, da 'yan kalmomin da kake da su. Ko Turancin ya karye kada ka tsaya, ɗingishi ma tafiya ce. Ladabi yana cikin murya da zaɓen kalma, ba a cikin amsa ƙarya ba. Hausawa sun ce shiru ma magana ce, to ban da ɗakin nan. Ranar wanka ba a ɓoyon cibiya.

Na roƙi Malam Ɗahiru wata alfarma, ya kuwa yi dariya ya amsa. Kullum bayan an tashi zai tsai da kai ya shirga maka ƙarya da Turanci, kai kuma ka warware ta. In ya ce maka kaza tana shayar da 'ya'yanta nono, kada ka ce "To, Malam." Da izinina yake yi, da izinina za ka musa.

Saura magana ɗaya, ita ce mai nauyin, na yi ta kewaye-kewaye kafin in iso ta.

Kana ƙarami ba haka kake ba. Surutu gare ka kamar kanari, komai ka gani sai ka tambaya, komai aka faɗa sai ka tanka. Ban sani ba ko kana tune da wata tafiya da na goya ka a bayan doki muka dawo daga Ruwan Godiya da yamma, wani abu ya fito daga cikin dawa, dokin ya zabura ya zubar da mu cikin kunyar wata gona. Bayan kwana biyu baƙi suka cika zaure, ana ta hira, na shiga ba su labarin yadda kura ta tare mu, ƙatuwa, idanunta kamar garwashi. Kana rakuɓe a bakin ƙofa da butar da aka aiko ka da ita. Sai ka ce, da muryarka ƙarara, "Baba, ai jaki ne."

Zaure ya fashe da dariya. Ni kuwa kunya ta rufe ni, ta juye ta zama fushi. Na daka maka tsawa gaban mutane, na ce wane marar tarbiyya ne yake tsinka zancen manya, na ce in na ƙara jin bakinka inda babba yake magana sai na yanke shi. Ka ajiye butar ka shige gida. Na yi kwanaki ba na amsa gaisuwarka, don in koya maka hankali.

Ka kuwa koya. Tun daga ranar ban sake jin komai daga bakinka ba sai "To, Baba." Na yi ta alfahari da hakan, ina ce wa mutane ɗana ba ya ɗaga ido ya dubi babba. Sai da Malam Ɗahiru ya yi mini maganar nan a Faskari na gane abin da na aikata. Abin da ya hana ni shiga kwaleji, shi na ɗauka da hannuna na ɗora maka, har ina jin na yi maka tarbiyya. Wannan ya dame ni ƙwarai, Abba, ya fi faɗuwata ciwo, don tawa ni kaɗai ta ci.

Ba ni da yadda zan mayar da shekarun nan. Abin da nake da shi shi ne in faɗa maka abin da ya kamata in faɗa a zauren nan, gaban baƙin nan, ina dariya tare da su. Jaki ne. Na ga kunnuwansa tun kafin mu faɗi. Kai ke da gaskiya, kuma ba ka yi rashin kunya ba. Na janye tsawar nan, ka ɗauki bakinka ka tafi da shi wurin jarrabawa.

Ka gai da Malam Ɗahiru da sauran malamanka. Allah ya kai ku lafiya ya dawo da ku lafiya, ya tsare ku daga sharrin hanya da na mota. Allah ya buɗe ƙirjinka, ya warware harshenka, ya sa su fahimci maganarka. In an ci, mun gode masa, in ba a ci ba, gidanku yana nan kuma kai ɗana ne. Allah ya yi maka albarka.

Ni ne mahaifinka,
Bawa Malamin Dabbobi